Jarumin roba: yadda ake gane na ƙwarai kafin a ba da kuɗi

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Aboabo, Kumasi. Tun ina ƙarami nake son Spider-Man da Black Panther, yanzu kuma na fara tara mutum-mutuminsu na roba. Kwanaki na sayi Spider-Man sabo fil a kwalinsa sidi 90, ko mako biyu bai yi ba gwiwarsa ta ɓalle. Abokina kuwa yana da wani tsoho da ya samu a kayan gwanjo, ba kwali ba komai, shekara da shekaru yana hannunsa ko gezau. Ga shi wani a WhatsApp yana yi mini tallan Black Panther na Marvel Legends, da wani babban Iron Man da ya ce Hot Toys ne, sidi 600. Ta yaya zan gane mai kyau kafin in ba da kuɗina? Kuma in na tara su, za su yi daraja nan gaba?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abu uku na ji a wasiƙarka: me ya sa sabon naka ya karye alhali tsohon abokinka yana nan daram, ko ka tura wa mai WhatsApp kuɗi, da kuma ko tarin zai zama jari. Na biyu da na uku amsarsu ba ta da tsawo, za mu zo kansu. Karatun duka yana wajen na farko, domin wanda ya san abin da ya karya gwiwar nan da wuya a sake cutarsa. Ni a Nima nake, nan Accra, ina sayar da kayan nan ina kuma gyara su. Yawancin waɗanda ake kawowa teburina karyayyu ne, saboda haka ta wajen rauninsu na fi saninsu.

Na asali ma aji-aji ne

Mutane kan raba kayan gida biyu, na asali da na jabu, su tsaya nan. Rabon bai isa ba. Harkar ta faro ne a matsayin kayan wasan yara: kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da sojan G.I. Joe a 1964, sannan kamfanin Mego ya fara yin su Superman da Batman masu tsawon inci 8 da rigunan yadi a 1972. A 1984 kamfanin Kenner ya yi jaruman DC, gidan komik mai su Superman da Batman, da sunan Super Powers, kamfanin Mattel kuma ya yi na Marvel, mai su Spider-Man, da sunan Secret Wars. Duk waɗannan don a ba yaro ne ya buga da ƙasa. Abin ya sauya ne da Todd McFarlane, mai zanen da ya yi suna a komik ɗin Spider-Man, ya kafa kamfaninsa a 1994, ya riƙa yin sassaƙa mai kyau don manya masu ajiyewa a kanta. Daga nan kamfanin Toy Biz ya fito da Marvel Legends a 2002, tsawon inci 6 da gaɓoɓi masu yawa, kuma tun 2007 Hasbro ne ke riƙe da wannan suna.

To a yau za ka shiga babban kanti ka ga Spider-Man dogo, inci 12, na Hasbro na gaskiya, an rubuta Titan Hero a kwalin. Na asali ne, ba jabu ba, amma gaɓoɓinsa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, cikinsa kuma fanko ne. Na yara ne. Girma ba shi ne inganci ba, kuma nan ne sababbin shiga suka fi zubar da kuɗi. Sama da shi akwai Marvel Legends, wanda a Amurka a 2024 ake sayar da na yau da kullum wajen dala 25, da DC Multiverse na McFarlane da ya fara fita a 2020, shi kuma inci 7 ne. In ka jera su kanta ɗaya za ka ga Batman ya kere wa Captain America tsawo, wasu abin yana damunsu, wasu ko a jikinsu. Sai na Japan, S.H.Figuarts na Bandai da MAFEX na Medicom, masu laushin aiki da tsada ninki uku ko huɗu, kuma su ne aka fi yi wa jabu mai ruɗi. Can ƙololuwa sai Hot Toys na Hong Kong, kashi ɗaya cikin shida na tsawon mutum, wajen santimita 30, da rigar yadi da fuskar da za ka rantse hoton ɗan fim ɗin ne. Kowane aji da ma'auninsa. Ba a auna na dala 25 da mudun na dala 300.

Gaɓa tukuna, fuska daga baya

Mai sayen ragon layya ba ƙaho yake fara kallo ba, baki yake buɗewa ya duba haƙori, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Kai ma haka za ka yi. Fuska da fenti su ne ke jan ido, mai jabu ma ya sani, shi ya sa can yake kashe ɗan ƙoƙarinsa. Gaɓa kuwa ba ta ɓoye asalinta.

Ɗauki gwiwar Marvel Legends ka duba da kyau. Gida uku ce: cinya, ƙwauri, da wani ɗan guntu a tsakiya mai ɗauke da ƙoƙon gwiwa. 'Yan ƙusoshin roba biyu ne ke haɗa su, ɗaya sama ɗaya ƙasa, shi ya sa ƙafar ke lanƙwashewa har diddige ya kusa taɓa bayan cinya. A tsofaffin za ka ga kan ƙusoshin a gefe kamar maɓallai, a na 'yan shekarun nan kuma Hasbro ya fara ɓoye su a ciki. Wani abu da ke ruɗa mutane: a Spider-Man da yawa na asali za ka ga jar ƙusa ta leƙo a cikin shuɗin hannu. Wannan ba alamar jabu ba ce, tsohon ƙorafi ne da masu tarawa suka daɗe suna yi.

Kamfanin gaske ba roba iri ɗaya yake zubawa ko'ina ba. Kai da hannuwa da ƙafafu yawanci PVC ne, roba mai ɗan laushi da ke lanƙwasa ba ta karye ba. Ƙirji yawanci ABS ne, mai tauri, in ka ƙwanƙwasa da farce za ka ji ƙas-ƙas. A masu tsada ana yin gaɓoɓin da wata roba mai santsi da juriya da ake kira POM. Mai jabu kuwa yakan sayi na asali guda, ya wargaza shi, ya kwafi kowane ɓangare, ya zuba robar da ta fi araha a hannunsa. Roba in ta huce takan ɗan tsuke, saboda haka kwafin yakan fito ƙarami kaɗan, zanen jiki ya dushe, ramin gaɓa da ƙusarsa kuma ba sa haɗuwa daidai: wani wuri sako-sako, wani wuri a cije. Sai a fesa fenti a kai, fentin ya gangara cikin gaɓar ya bushe. Kai kuma ka zo gida da murna ka matsa da ƙarfi. Ƙusar ba ta juya ba, sai ta murɗe, ta yi fari, ta tsinke. Ban ga naka ba, amma in ka duba wajen karayar ka ga robar ta yi fari-fari kamar an goga alli, to abin da ya faru ke nan. Da sidi 90 a kwali sabo, ni dai ba na shakkar jabu ne. Araha ba ta ado.

Ana iya ɗora shi. Nakan zare guntun ƙusar, in huda da ɗan siririn abin huji, in sa wata ƙusar da na ciro daga wani mataccen. Abin da ba na so a kawo mini shi ne wanda aka riga aka ɗura wa sufa gulu, domin yakan daskare gaɓar gaba ɗaya, ya bar farin tabo a fenti.

In kaya yana hannunka kafin ciniki, ga yadda nake yi. Ina lanƙwasa kowace gaɓa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙwarai tana ɗan turjewa sannan ta tafi, wasu ma da ɗan ƙaran ƙat-ƙat na haƙoran da ke ciki. Wadda ta ƙi motsi ba na tilasta mata. Sai in ɗaga hannunsa sama in sake, in ga ko zai tsaya inda na bar shi. Sai in tsayar da shi a kan tebur ba tare da jingina ba, domin idon sawu shi ne ke ɗauke da nauyin duka, kuma shi ne gaɓar da ta fi wuyar gyara in ta saki. Daga nan in kai shi hanci. Sabuwar roba ta gaske tana da ɗan ƙanshinta, na jabu kuwa sau da yawa warin fetur-fetur yake yi, har ya kama yatsu.

Sai tambari. Juya shi ka duba ƙarƙashin tafin ƙafa, ko bayan cinya, ko cikinta. Za ka ga ƙananan haruffa da aka zuba tare da robar: sunan Marvel ko DC, shekara, da sunan kamfanin. A na asali haruffan suna fita rangaɗau, a kwafi kuwa ko babu, ko sun narke ba sa karantuwa. Shekarar da ke jiki ba lallai ita ce shekarar fitowarsa ba, domin kamfanonin suna sake amfani da tsohon zubin ƙafa ko ƙirji a sabon jarumi. Kada kuma rubutun cewa a Chaina aka yi ya tsorata ka. Na asalin ma yawanci can ake yin su.

Yanzu ka iya kallon fuska. Duba idanu ko suna kallon wuri ɗaya. Duba fatar, ta jabu takan yi ƙyalli kamar an shafa mai. A Spider-Man bi zanen saƙar gizo-gizo daga ƙirji zuwa kafaɗa ka ga ko layukan sun haɗu ko sun karkace. Black Panther ya fi wuya, don baƙi yana rufa asiri. Kai shi hasken rana, ka karkata shi: a na fim ɗin 2018 rigar tana da ƙananan zane-zane a sassaƙe, sarƙar wuyan kuma ruwan azurfarta bai kamata ya malalo kan baƙin ba. A kwafi sai ka ga jikin sumul, zanen ya kusa ɓacewa. Amma ka sani, na asali ma yakan zo da ɗan kuskuren fenti, tunda dubbai ake yi a masana'anta. Ɗigon fenti ɗaya bai isa hujja ba, sai alamu sun taru.

Kwali shi ne na ƙarshe a wajena. Buga kwali ya fi zuba roba sauƙi. Abin da nake dubawa kawai shi ne kuskuren rubutu, hoton da ya dushe, da kwalin da ya tara Batman da Spider-Man wuri ɗaya, alhali kamfanoninsu ma ba ɗaya ba ne.

Gwanjo, da maganar mai WhatsApp

Na abokinka ya daɗe ne saboda mai yiwuwa na asali ne da wani yaro a Amurka ko Ingila ya gama wasa da shi, ya biyo kayan gwanjo ta tashar jirgin ruwa ta Tema. Ga mai ƙaramin ƙarfi, a ganina babu hanyar da ta fi wannan. A nan Accra ina zagaya wajen kasuwar Kantamanto, ku kuma kuna da Kejetia da Adum. Masu buhunan kayan wasa sukan zube su a ƙasa, kuma galibi da girma suke sa kuɗi, ba da suna ba. Sai ka ga an tsuga wa dogon fanko kuɗi, ɗan inci 6 mai gaɓa talatin yana gefe ba wanda ya kula shi. Ka saba da mai buhu ɗaya ko biyu, ka gaishe su, ka saya ko da ƙaramin abu ne, su riƙa gaya maka ranar da za su kwance sabon kaya. Sammako ake yi.

Na gwanjo ma da nasa ciwon. Duba yatsu, yara da karnuka suna tauna su. Duba ko makami ko hannayen canji, wato ƙarin hannayen da ake cirewa a sauya masa, sun ɓace, don da wuya a samu cikakke. In ka ci karo da tsohon Toy Biz, fentinsu yakan fi na Hasbro na farko-farko zurfi, da inuwa a cikin tsokoki, amma gaɓoɓinsu sun tsufa, da yawa sun saki. Ni ina son su duk da haka.

Iron Man ɗin nan kuwa ka bar shi. Hot Toys na yau da kullum daga wajen dala 250 yake farawa, na Iron Man masu ƙarfe a jiki da fitilu sun fi haka nesa. Ko nawa dala take yau, sidi 600 bai kai rabin wannan ba, ba a ma yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan ba. Ko dai wani kamfani ne daban aka laƙaba masa sunan, ko hoton wani aka ɗauko daga intanet. Akwai masu yin Iron Man mai araha da lasisi, kuma ba laifi ba ne a saye su, amma da sunansu da kuɗinsu.

Black Panther ɗin yana iya zama na gaske. Ka ce ya yi maka bidiyo, ba hoto ba, da takarda a gefe mai ɗauke da kwanan watan ranar. Ya lanƙwasa gwiwa da gwiwar hannu kana gani, ya nuna tambarin, ya tsayar da shi. In ya ce sabo ne a kwali, tambaye shi ko akwai ƙarin gaɓar wani jarumi a ciki. Tun 2005, lokacin da Toy Biz ya rarraba sassan Galactus a kwalaye, al'adar Marvel Legends ce a sa hannu ko ƙafar wani a kowane kwali, in ka sayi jerin duka ka haɗa shi. Jerin farko na fim ɗin Black Panther sassan Okoye ya ɗauko. Ba kowane kwali ke da shi ba, amma mai kayan gaske zai san abin da kake nufi. Kuma in a Kumasi yake, ku haɗu a bainar jama'a, ka riƙe kayan, sannan ka tura kuɗin ta waya, ta MoMo. Iyakar abin da bidiyo zai nuna ke nan: akwai jabun na Japan da sai an riƙe a hannu an kwatanta da na asali ake ganewa, akwai kuma waɗanda masana'antar gaske ce ta yi su amma aka tsame su saboda aibi, suka fito ta bayan gida ba kwali. Irin waɗannan daga nesa ba zan iya yanke maka hukunci a kansu ba.

Zafi, danshi da ƙura

Masu bitar kayan nan a YouTube yawancinsu a ƙasashen sanyi suke, abin da suke yabo ba kullum ne yake jure ƙasarmu ba. Ɗakin kwano da rana tsaka yana tausasa PVC, sai ka dawo ka tarar da idon sawu ya karkace, jarumin ya kife. Sinadarin da ke sa robar laushi yakan tsattsafo waje in zafi ya yi yawa, musamman a rufaffen kwali da iska ba ta shiga, jikin ya riƙa danƙo. Ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano suna rage shi. Rana tana mayar da fari da garai-garai ruwan ɗorawa, saboda haka kada kantarka ta fuskanci taga. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba, buroshin kwalliya mai laushi ya ishe ka. Kananzir, tina da ruwan goge farce kuwa ko kusa, suna cin fenti, wasunsu ma suna narka ABS.

Danshin Kumasi da iskar teku ta Accra sun fi yi wa masu tsada illa. Fatar roba da ake ɗinka wa su Hot Toys riga da ita tana ɓarewa ta riƙa zuba, yadi yana fumfuna, wayar da ke cikin alkyabba tana tsatsa, ƙananan batura kuma suna zubar da ruwa in an bar su a ciki. Shi ya sa nake cewa wanda ba shi da kabad na gilashi da ɗaki mai sanyi, na roba zalla mai inci 6 ya fi masa kwanciyar hankali ko da yana da kuɗin babban. 'Yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, tara su ka zuba a kabad.

Gaɓar da ta cije maganinta ruwan zafi ne, wanda ya sauka daga wuta ya ɗan huce. Tsoma ta kamar minti ɗaya, robar ta yi laushi, sannan ka motsa a hankali. Ƙafar da ta karkace ma haka: tsoma, miƙe ta da hannu, sa ta cikin ruwan sanyi ta daskare a miƙe. Mai yadi ko mai batir ba a tsoma shi, na'urar busar da gashi ake sa masa daga nesa.

Maganar jari

Kada ka tara da niyyar riba. Waɗanda kake ji an sayar da tsada a Amurka galibi tsofaffi ne na shekarun 1970 da 1980 da ba a taɓa buɗe kwalinsu ba, kuma can akwai masu saye da kamfanonin da ke duba kaya su ba shi maki. Na yanzu ana yin su da yawa, kuma da zarar wani ya yi tsada sai kamfanin ya sake fito da shi, sau da yawa ma wanda ya fi na da kyau, farashin tsohon ya faɗi. A nan kuma masu sayen kaɗan ne, duk mun san juna. Abin da za ka iya samu shi ne ka mayar da kuɗinka ko ka yi musaya, in kayan na asali ne, gaɓoɓinsa lafiya, kuma kayan haɗinsa sun cika. Saboda haka kowane jarumi ka ware masa 'yar leda, ka zuba hannayen canji da makamansa, ka rubuta sunansa a jiki.

In a gidan iyaye kake, akwai abu biyu. In Baba ko Mama suka nuna ba sa son mutum-mutumi a fili saboda addini, wannan hukunci na malamai ne, ba na mai gyaran roba ba. Ka tambayi malaminku, kafin nan kuma ka sa su a akwati ko kabad mai murfi, ba sai an kai ga ɓacin rai ba. Na biyu, in akwai ƙanana a gidan, ka ɗaga kayan sama. Hannayen canjin nan ba su fi ƙwayar gyaɗa ba, yaro zai iya haɗiyewa, fentin jabu kuma babu wanda ya gwada abin da ke cikinsa balle a bari ya shiga bakin jariri.